Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Waiwaye kan Neman Kuɗin Bincike a Ƙasar Ƙonni da Adar

Kowace shekara, da zarar an ɗaure dammunan hatsi aka koma lakkwal a watan Oktoba, sai wata irin takarda ta fara yawo a hannun malamai. Wata cibiya ce a Dakar, ko a Landan, ko a Yamai, take kiran masu bincike da su aiko da buƙatarsu ta neman tallafi kafin rana kaza, ƙarfe kaza. A can inda aka rubuta ta, sanarwar ta yi wata biyu ko uku da fitowa. Mu nan Ƙonni ba ta iso mana sai saura kwana goma. Sai a yi ta kai da kawo, wannan na neman hatimi, wancan na neman mai fassara, har wa'adi ya cika, a ce Allah bai nufa ba, sai baɗi. Na ga haka ya faru ba sau ɗaya ba, kuma sau ɗaya da ni a ciki. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya mu dubi yadda aka yi binciken tarihin wannan yanki namu tun daga farko: wa ya nemi kuɗin, wa ya bayar, kuma wane lokaci aka yanka wa mai aikin. Duk wanda ya bi wannan sawu zai tarar cewa wa'adi biyu ne kullum ke kan mai bincike a ƙasar nan. Ɗaya na mai kuɗi ne, yana nan rubuce a takarda. Ɗayan na ƙasar ne da mutanenta, ba a rubuce yake ba, kuma ba a taɓa ƙara wa kowa shi ko da kwana ɗaya.

Kafin mu shiga maganar kuɗi, ya kamata mai karatu ya tuna abin da ke binne a gundumomin nan uku na Ƙonni, Malbaza da Illela. A Marata, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma kakanninsa Toronkawa sun daɗe zaune a ƙasar Ƙonni kafin haihuwarsa. A 1804, farkon jihadi, jama'ar Shehu sun ci Matankari da Ƙonni kafin karon Tabkin Kwatto. Daga arewa kuwa, Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubaraku ya ci Adar a 1674, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar da ke zaune a Illela. (Illelar Adar nake nufi, ba Illelar Najeriya da ke daf da Ƙonni a hayin iyaka ba, baƙi kan rikita su, har a cikin littattafai.) Sa'an nan ga ranar 8 ga Mayu 1899, ranar da rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. Ƙasar da ke da irin wannan kaya ba ta rasa abin bincike ba. Abin da ta daɗe tana rasawa shi ne ɗanta wanda zai rubuta buƙatar da kansa, ya kai ta kan lokaci.

Binciken farko da aka yi a nan da kuɗin hukuma ba don tarihi aka biya shi ba, don iyaka ne. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a watan Yuni 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, duk abin da ke cikinta na Ingilishi ne. Ƙonni tana ciki. Wato a takarda, garin da Voulet ya ƙona ba ya ma cikin rabon Faransa. Da Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai suka nemi gyara, aka yi shi a 1904, aka ƙara tace shi a 1906. Daga nan aka tura Kyaftin Jean Tilho da jama'arsa, tare da takwarorinsu na Ingila, su bi layin su kafa alamomi. Aikin ayarin Tilho ya ɗauki daga 1906 zuwa 1909. A cikinsu akwai wani hafsa tafinta, Landeroin, wanda ya zauna da sarakuna da dattawan garuruwan da suka ratsa yana rubuta abin da suka faɗa masa game da asalinsu da jerin sarakunansu. An buga waɗannan bayanai a cikin kundin da ake kira Documents scientifiques de la mission Tilho, kuma shi da Tilho sun fitar da littafin nahawun Hausa da tatsuniyoyi a 1909.

Har gobe mai binciken tarihin Ƙonni ko Adar ba ya tsallake Landeroin. Amma a dubi halin da ya yi aikin. Mutum ne mai tafiya da ayari, yana da kwanaki ƙidayayyu a kowane gari, domin ranar tashi tana hannun mai auna ƙasa. Wanda zai tambaya kuwa shi ne wanda fada ta kawo masa. Kuma tambayar da ta fi damun masu biyansa ita ce: wannan gari wa yake bi, wa yake kai wa gaisuwa, Sakkwato ko Adar ko Gobir? Saboda haka muka gāji jerin sarakuna da labarin yaƙe-yaƙe, amma muryar maƙera, da ta mata, da ta bayi, da ta Azna masu gargajiya, ta yi ƙasa ƙwarai. Ba a cika shekara goma da abin da ya auku a 1899 ba, waɗanda suka tsira suna nan da ransu, to amma wa zai buɗe baki ya ba hafsan Faransa wannan labari yadda yake? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wannan ne darasi na farko a tarihin tallafin bincike, kuma bai tsufa ba.

Haka aka ci gaba har tsawon zamanin mulkin mallaka: kumandan ya rubuta tarihin sarkal ɗinsa domin sauƙin karɓar haraji da naɗin sarakunan kanto, wani hafsa mai son karatu kamar Yves Urvoy ya tattara ya fitar da littafi a 1936. A wannan shekarar ce aka ƙirƙiro cibiyar IFAN a Dakar, aka buɗe mata reshe a Yamai a 1944. Bubu Hama, malamin makaranta kamarmu kafin ya shiga siyasa, ya shugabanci reshen daga 1954 zuwa 1957. Bayan samun ƴancin kai reshen ya zama cibiyar ƙasa a 1964, sa'an nan a 1974 ya koma IRSH, aka haɗa shi da jami'ar Yamai da aka kafa a 1973, wadda aka sa wa sunan Abdu Mumuni a 1992. A gefe guda kuma, shirin UNESCO na rubuta tarihin Afirka baki ɗaya, wanda aka ƙaddamar a 1964, ya haifar da cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968, wadda ta koma hannun ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1974, aka san ta da sunan CELHTO.

A ganina, shekarun nan tsakanin 1964 da ƙarshen shekarun 1970 su ne kakar binciken tarihi a Nijar, kuma Adar ta samu rabonta. A 1975 kaɗai, jerin littattafan Études nigériennes ya fitar da manyan ayyuka biyu kan yankinmu. Na farko na Nicole Échard ne, L'expérience du passé, kan yadda talakawan Adar manoma suke riƙe da tarihinsu. Na biyu na Djibo Hamani ne, L'Adar précolonial, aikin ɗan ƙasa wanda ya bi gari gari yana sauraron dattawa, yana gwada maganarsu da rubuce-rubucen Agadas da na Sakkwato. Me ya sa waɗannan ayyuka suka yi ƙarko har yau? Ba don kuɗin sun yi yawa ba ne. Dalilin shi ne akwai gida a bayan mai binciken: cibiya mai mota, mai rakoda, mai ɗakin ajiya, mai hanyar buga littafi, wadda ba ta cewa a gama komai cikin wata goma sha biyu. Échard ta fara zuwa kwarurrukan Adar Dutsi da Maggiya tun farkon shekarun 1960, ta yi ta komawa wurin mutane ɗaya shekara da shekaru, har maƙera suka yarda ta ɗauki hoton aikin narkar da tama. Dattijo ba ya ba baƙo asirin gidansu a zuwan farko. A zuwa na farko zai ba ka abin da ake faɗa wa kowa, a na uku ya gyara maka, a na biyar ya ce to yanzu zauna ka ji.

A hayin iyaka ma irin wannan tsari aka bi a kusan lokaci guda. Abdullahi Smith da abokan aikinsa sun kafa shirin binciken tarihin Arewa a farkon shekarun 1960, aka tattara rubuce-rubucen Larabci da na ajami, kuma cikin wannan yanayi Murray Last ya zauna a Sakkwato kusa da Waziri Junaidu, ya fitar da littafinsa kan daular Sakkwato a 1967. Abin takaici, layin da Tilho ya ja ya raba kuɗin bincike kamar yadda ya raba dangi. Sakkwato ba ta kai kilomita 100 daga Ƙonni ba, Yamai kuwa ta haura 400, amma ɗalibin Ƙonni ya fi sanin hanyar ɗakunan ajiyar Dakar da Aix-en-Provence a kan ta gidan tarihin Waziri Junaidu. Ɗaya na karatu da Faransanci, ɗaya da Ingilishi, alhali mutanen da suke bincike a kansu duk Hausa suke yi.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan wa'adi na biyu yake fitowa fili. Yaron da yake da shekara 15 ranar da aka ƙona Ƙonni a 1899 yana da 76 ranar samun ƴancin kai a 1960, yana da 90 lokacin da aka kafa IRSH a 1974. Wato tsakanin lokacin da bakin mutane ya buɗe da lokacin da ƙasa ta rufe idon shaidun ƙarshe, shekara goma sha biyar ce kawai, ko ƙasa da haka. Abin da aka ɗauka a cikin wannan ɗan tsakani shi ke nan abin da muke da shi daga bakin wanda ya gani da idonsa. Abdullahi Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, duniya ta san Lugu da sarauniyarta. Ƙonni, wadda ta fi kowane gari asarar rayuka a wannan tafiya, ba ta samu irin wannan ba. Da masu fim ɗin African Apocalypse, wanda ya fito a 2020, suka bi sawun Voulet, jikoki da tattaɓa-kunne suka tarar. Abin da jika ya riƙe yana da daraja, amma ba ɗaya yake da na mai gani ba.

Daga shekarun 1980 al'amari ya juya. Kuɗin uraniyom ya ja baya, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, kasafin jami'a ya koma albashi da kuɗin ɗalibai, su ma ba kullum ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Legas a 1980 cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 1 cikin 100 na arzikinta domin bincike, suka sake nanata shi a Khartum a 2006. Mai karatu ya san inda alkawarin ya kwana. Aka yi 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy, aka yi shekarun da karatu bai kammala ba, sa'an nan a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafi da kaset da tikitin jirgi duk suka ninka kuɗi dare ɗaya. Tun daga nan mai bincike ya daina jiran cibiyarsa ta ba shi mota da mai. Ya koma mai rubuta takardar roƙo zuwa waje, yana gasa da ɗaruruwan irinsa daga ƙasashe da yawa. CODESRIA, wadda aka kafa a Dakar a 1973, ta buɗe shirin ƙananan tallafi ga masu rubuta kundin digiri a ƙarshen shekarun 1980, kuma ɗalibai da dama na Afirka da shi suka kammala. A Yamai, masana irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou suka kafa LASDEL a 2001, cibiyar da ta nuna cewa ana iya rayuwa da kuɗin gasa ba tare da an sayar da tambayar bincike ba, in akwai tsari da haɗin kai.

A yankinmu kuwa, kuɗin da suka shigo a wannan zamani na ayyukan raya karkara ne: madatsun Mozage da Zango da fadamar noman rani ta Ƙonni, albasar Galmi, babban aikin Keita da aka fara a 1984. Binciken da aka biya shi ne wanda zai amsa tambayar mai furoje: buhu nawa eka take bayarwa, mutum nawa suka amfana. Ban raina wannan ba. Misali ɗaya ma ya isa ya hana ni. A 1989 wani shiri na asusun FIDA ya ɗauki rukunin manoma daga ƙasar Illela ya kai su Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako ana zuba taki. Da suka komo suka gyara tassa irin tasu ta gargajiya, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har fakon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Kuɗin motar wannan tafiya ba su kai komai ba in an gwada da na madatsar ruwa. Amma a lura: rahotannin irin waɗannan ayyuka da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, akasarinsu suna can a ofisoshin da suka biya, malamin tarihi na lisen Illela bai taɓa riƙe su a hannu ba. Sai da Benedetta Rossi ta fitar da From Slavery to Aid a 2015 aka samu wanda ya haɗa tarihin bauta a Adar da tarihin taimakon waje a zare ɗaya. Haka kuma Klaas van Walraven na Leiden ya yi shekaru yana bin tsoffin ƴan Sawaba, ya fitar da littafinsa a 2013, har da abubuwan da suka faru a 1964 waɗanda suka taɓa ƙasar Ƙonni. Ya riski mutanen nan a ƙurarren lokaci. Da ya jinkirta shekara goma, da kaburbura zai tarar.

Ina jinjina wa waɗannan baƙi, kuma ba na cikin masu cewa sun sace mana tarihi. Sun rubuta buƙata, sun kai ta kan lokaci, an ba su, sun zo sun yi aiki. Tambayar da ta dace mu yi wa kanmu ita ce me ya hana mu.

A nan zan faɗi nawa laifin. Wata shekara ƙungiyarmu ta raya al'adu ta yi niyyar ɗaukar hoton wasu tsoffin takardun ajami da ke hannun wani gidan malamai, tare da naɗar bayanin dattijon gidan, wanda shi kaɗai ya san wa ya rubuta wace, kuma a wane zamani. Muka samu sanarwar da ta dace da mu kamar an auna. Muka raba aiki, muka rubuta manufa, muka yi kasafi, duk cikin mako biyu. Sai a shafi na ƙarshe muka ga ana bukatar wasiƙar wata hukumar ilimi da za ta karɓi kuɗin a madadinmu, ta kuma ajiye kwafin aikin. Muka aika babban birni. Mai sa hannu ya yi tafiya, mataimakinsa ya ce ba huruminsa ba ne. Wasiƙar ta iso kwana huɗu bayan an rufe. Mun yi ta zargin ofishin nan, amma gaskiya ita ce sharaɗin yana nan a rubuce tun ranar farko, mu ne muka fara karatu daga shafi na ɗaya maimakon na ƙarshe. Muka ce sai baɗi. Dattijon ya rasu a cikin ɗarin wannan shekarar. Takardun suna nan, magada sun raba su gida uku, kuma babu mai iya cewa ga wanda ya rubuta su.

Tun daga ranar na fahimci cewa takardar neman tallafi ba ranar da sanarwa ta fito ake fara ta ba. Masu bayar da irin waɗannan kuɗi suna da lokacinsu kamar yadda damina take da nata. Shirin ceton tsoffin takardu na babban ɗakin karatu na Birtaniya, wanda gidauniyar Arcadia take ɗaukar nauyinsa tun 2004, misali ne mai kyau: sau ɗaya a shekara yake kira, a mataki biyu, gajeriyar buƙata tukuna, wanda ya tsallake a neme shi da cikakkiya. Da Ingilishi ake cika ta. Sharuɗɗansa sanannu ne: takardun asali ba sa barin ƙasarsu, a ajiye kwafi a wata cibiya ta cikin ƙasa, a samu yardar masu su. Wanda ya san haka tun watan Maris yana da damar zuwa sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, inda dubban takardun da Bubu Hama ya fara tarawa suke, ya ƙulla zumunci. Ya gai da sarki. Ya zauna da magada. Ya nemi malamin Ingilishi na kwalejinsu tun bai shiga gyaran jarrabawa ba. Ya tabbata takardar rajistar ƙungiya da asusun banki suna nan da rai. Ranar da sanarwa ta fito, cike gurbi kawai ya rage masa.

Akwai kuma abin da alƙalan gasa suke fara dubawa, wanda mu malamai muke yawan faɗa wa ɗalibai amma mu manta da shi in abin ya zo kanmu: tambayar ta zama ƙarama, mai iyaka. "Tarihin Adar" ba buƙata ba ce, buri ne, kuma Hamani ya riga ya yi babban rabonsa tun 1975. Wanda bai nuna ya karanta shi da Échard da Landeroin ba, ya kuma nuna daidai inda suka tsaya, an gama da takardarsa tun a shafi na biyu. Amma wanda ya ce zai naɗi bayanin mutum talatin daga cikin ma'aikatan farko na masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1960, ya gano daga ina suka zo, yaya ƙauye ya zama gari, ina waƙoƙin da aka yi wa aikin, wannan ya kawo abin da za a iya auna shi, a yi masa kuɗi, a ga ƙarshensa.

Kasafi ma yana da nasa tarko, irin namu na Nijar. Mu da dala muke lissafi, takarda kuwa da tamma take yi. In mai kabu-kabu ya ce maka "ɗari biyu", jika guda yake nufi, wato sefa 1000. In mai gida ya ce hayar ɗaki "dubu biyu", sefa 10.000 ke nan. Na taɓa ganin kasafin da aka tattara farashinsa da baki a kasuwa aka zuba shi a takarda yadda aka ji, layi ɗaya da dala, na ƙasansa da tamma. Baƙon da zai karanta bai san wannan ba. Abin da zai gani shi ne mutanen da ba su iya lissafi ba, ko masu son cuta. Haka nan goron da ake kai wa dattijo, da ɗan abin da ake ba ɗan rakiyar da sarki ya haɗa ka da shi: kada a ɓoye su a ƙarƙashin kuɗin mai, a rubuta su da sunansu, a yi bayanin al'adar a layi biyu.

Mafi wuyar duka shi ne daidaita kalandar mai kuɗi da ta ƙasa. Daga Yuni zuwa Satumba kowa yana gona, hanyoyin kwari sun yanke, ba mai lokacinka. Oktoba girbi ne. Da an gama, samari da magidanta da yawa na Adar sun kama hanyar bida, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya, kamar yadda iyayensu suka yi. Mutanen Galmi da na fadamar Ƙonni kuma sun duƙufa kan albasa har zuwa bazara. Lokacin da dattijo yake zaune a zaure da sukunin magana bai wuce daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba, kuma a nan ne mu malamai muke tsakiyar shekarar karatu. In an amince da buƙata a Afrilu, kuɗi suka iso a Yuni, aka ce a kawo rahoto cikin wata shida, to an ba ka damina ce kawai, aikin ya mutu tun ba a fara ba. Dole mai rubuta buƙata ya faɗi wannan a fili, ya nemi ranar farawa da ta dace da ƙasarsa, ya sa azumi da hutun ƙarshen Disamba a cikin jadawalinsa. Masu ba da kuɗi sun fi yarda da wanda ya nuna ya san ƙasarsa a kan wanda ya ce komai mai yiwuwa ne.

Ranar aikawa ita ma ba a barinta ga sa'a. A da gidan waya ne, hatimin ranar da ke kan ambulan shi ne shaida. Yau ta intanet ake turawa, kuma na'ura ba ta san uzuri ba: minti ɗaya ya wuce, ƙofa ta rufe. Agogon Dakar yana bayan namu da awa ɗaya, na Landan ma haka a lokacin ɗari, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai yake da namu. Wanda ya zauna a Ƙonni daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da aka rufe iyaka, Najeriya kuma ta katse wutar da take sayar wa Nijar, ba ya bukatar a gaya masa dalilin da zai sa ya tura takardarsa saura mako guda.

Shekarun baya-bayan nan sun sake canza fagen. Tun 2010 jahar Tawa take da jami'arta, wadda yanzu take ɗauke da sunan Djibo Hamani, ga ta nan kusa, ba sai an je Yamai neman mai tsaya wa buƙata ba. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 wasu ƙofofin tallafi na ƙasashen Yamma sun rufe, kuma a Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. A wannan watan ne kuma sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ni da nake koyar da harsunan nan biyu, Hausa da Faransanci, ina ganin wannan mataki ba zai yi nauyi ba sai ranar da malamin Bagga ko na Dogerawa zai iya rubuta buƙatar bincike da Hausa, a karanta ta da Hausa, a ba shi kuɗin ƙasarsa, ya ajiye sakamakon inda ɗalibansa za su same shi. Kafin wannan rana, ƙofofin da suka rage ƙalilan ne, masu ƙwanƙwasa su kuma suna da yawa, don haka wanda ya makara ba a ma san ya zo ba.

Ƙungiyarmu ta buɗe wani littafi bayan abin da ya same mu. A gefen dama muna rubuta sunayen cibiyoyin da ke kira da watan da suka saba kira, a gefen hagu sunayen dattawan da ya kamata a saurara da shekarunsu. Saurayin da ya shiga masana'antar Malbaza yana ɗan shekara 20 a 1966, shekararsa 80 a 2026. Matar da ta riƙe gida a yunwar 1973 da 1974 tana da goyo ta haura 70. Manoman da suka je Yatenga a 1989 magidanta ne a lokacin, yau tsofaffi ne. A taronmu na ƙarshe mun ja layi a kan sunaye biyu na gefen hagu, muka yanke shawarar fara naɗar sauran da wayoyinmu tun daga wannan ɗari, da kuɗin karo-karo, ko an amsa mana buƙatar da muka tura ko ba a amsa ba.